Gaisuwa Tana Zuwa, Kuɗi Ba Ya Zuwa

Ƙungiyarmu ta masu sayar da busasshen kifi a Nguru tana da akwatin imel ɗaya tal, na Gmail. Ranar da aka zaɓe ni sakatare aka damƙa mini shi haɗe da hatimi da wani tsohon littafin lissafi mai ƙarnin tarwaɗa.

Muna da wani dila a Legas, Alhaji ne mai son gaisuwa. Duk Juma'a saƙonsa sai ya shigo: barka da Juma'a, ya iyali, ya ruwa. Amma da zarar mun aika masa lissafin kwalayen da za mu ɗora a mota, shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. In na kira shi ya rantse ya amsa, har da farashi. Nan da nan 'yan ƙungiya suka rabu biyu: wasu na cewa Alhaji macuci ne, wasu na kallon sabuwar hulata.

Na kai wayar wurin mai gyara a bakin tashar jirgin ƙasa. Tun 1930 layin dogo ya iso Nguru, kuma ina kyautata zaton tun lokacin kujerar shagon nan take. Ya jujjuya wayar ya ce, "Ƙwayar cuta ce, sai an wanke ta." Aka wanke ta tas, hotunan bikin 'yata suka bi ruwa. Ran Juma'a gaisuwar Alhaji ta iso lafiya lau, ita kaɗai. Na sauya layi, na ari wayar maƙwabci, har soro na hau neman sabis. Ma'ajinmu kuwa ya ce wannan ba aikin inji ba ne, akwai sa hannu, a nemi rubutu.

Ƙarshe dai na hau mota sai Gashuwa, wurin ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013. Yaron ko kallon wayar bai yi ba. Ya buɗe kwamfutarsa ya ce, "Kawu, saƙo ba wayarka yake fara zuwa ba. Can wurin babbar na'urar kamfanin yake sauka, kamar kaya a tasha. In an bar wa ɗan kamasho umarni cewa kaya iri kaza a zubar, ko sabuwar mota ka kawo ba za ka same su ba." Ashe irin wannan umarni, wato dokokin tace saƙonni, ba a ma ganinsu a manhajar waya, sai an shiga saituna ta kwamfuta.

Muka tarar da doka biyu, duk aikin tsohon sakatarenmu. Ta farko ta ce duk saƙon da ke ɗauke da kalmar naira ko miliyan a jefa shi kwandon shara. Bawan Allah 'yan damfara ne suka ishe shi, masu cewa wani attajiri ya mutu ya bar masa gado. Ta biyu ta ce sauran saƙonni a tura masa kwafi. Wato shekara guda yana zaune a gida yana karɓar gaisuwar Juma'ata.

"To me ya sa da na bincika sunan Alhaji ban gani ba?"

"Bincike ba ya leƙa kwandon shara, Kawu, sai ka ce masa ya leƙa."

Muka leƙa. Saƙonni uku ne suka rage, domin abin da ya kwana 30 a kwandon share shi ake yi gaba ɗaya. Na farko farashi ne mai kyau. Na biyu ƙarin farashi, don ya zaci jan aji muke yi. Na uku yana sanar da mu ya koma sayen kifin Haɗeja, ya kuma ce mu gai da iyali.

Yaron ya goge dokokin, ya sauya kalmar sirri, ya karɓi kuɗin kati. Da na kai ƙara gaban ƙungiya, tsohon sakatare ya miƙe ya gyara babbar riga ya ce tun da ya kafa dokar ko ɗan damfara ɗaya bai cuce mu ba. Aka duba littafi, haka ne. Kuri'a tara da huɗu aka wanke shi, kuɗin motar Gashuwa kuma aka ce ni zan biya.