Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Girma Zazzaɓin Cizon Sauro

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan damina ta yi maka albarka, na rubuto daga Ketaren Gwari in taya ka murnar rawanin da muka naɗa maka ba ka nema ba: Sarkin Cututtukan Yara. A unguwarmu, jariri ya yi amai, kai ne. Ya ƙi nono, kai ne. Ya sanƙame, kai ne. Allura ta gaza, mu kira wazirinka Taifot. Shi ma ya kasa, mu koma kan mayu, iskoki da kishiya.

Sai dai kana cin ladan aikin wasu. Akwai cututtukan gado da ke hana jikin yaro sarrafa abinci. Mai galaktosemiya, sukarin cikin nonon uwarsa ne ke lalata masa hanta. A mayar da shi kan madarar waken soya ya rayu. Mai PKU, wadda likita Følling ya gano a Norway a 1934, wani sinadarin abinci mai gina jiki ne ke taruwa ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Idan uwa da uba duk suna ɗauke da irin, abin da auren zumunci ke ƙara yawaita shi, kowane ciki haɗarinsa kashi 25 cikin 100 ne. Ga kuma ƙarancin G6PD, wanda ba baƙo ba ne a Najeriya: kafur a cikin kayan jariri ya isa ya farfasa masa ƙwayoyin jini ya kawo ciwon shawara, haka ma primaquine da ake sha domin korarka.

Tun farkon shekarun 1960 Robert Guthrie na Amurka ya nuna ɗigon jini daga diddigen jariri a kan kati ya isa a gano PKU kafin ta yi ɓarna. Bakaniken garejin unguwarmu ma yakan jona kwamfuta ya ji ciwon mota kafin ya kwance inji. Jariri kuwa, sai yadda mai kemis ya canka.

Don haka muna roƙonka ka sauka daga kujerar da ba taka ba. Duk yaron da gwaji ya nuna babu hannunka, ka fito fili ka ce "ba ni ba ne", ka tura iyayensa wurin likitan yara. In kana da hanya a Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Neja, ka raɗa musu a fara gwajin diddige ga kowane jariri kafin ranar suna.

Talakanka ala tilas,
Wani mazaunin Ketaren Gwari, Minna.