'Yan Kallo Ma Abin Kallo Ne

A daren Asabar ɗin da ta biyo bayan ƙaramar Salla, muna idar da sallar isha'i, wani amini nawa ya ja ni, ba da son raina ba, zuwa ɗakin taron wata makaranta a Zariya, inda waɗansu samari da malamansu suka shirya wasan kwaikwayo na ban dariya a kan wani attajiri marowaci wanda ba ya ba matansa awo sai ya shafe bakin mudu da tsinke. To, ko da yake na shiga ne da niyyar in kalli abin da za a yi a bisa dandamali, kamar yadda hankali da kuɗin ƙofar da na biya suka wajabta mini, sai na fito da yaƙinin cewa wasa biyu aka yi a daren nan, ɗaya a gaban labule, ɗaya kuwa a kan bencina, kuma na biyun ba a yi masa gwaji ko sau ɗaya ba. Tun daga ranar ban sake jin an buga shelar wasa na zauna a gida ba, har Allah ya hore mini na rarrabe 'yan kallo jinsi jinsi, yadda malaman fiƙihu kan rarrabe ruwa zuwa mai tsarki da mai tsarkakewa da wanda ba a alwala da shi.

Ladabi ya hukunta a fara da babban baƙo. Shi ne wanda aka ce masa ƙarfe takwas ya iso tara da rabi, ya tashi ya yi jawabi mai tsawon zango a kan wajabcin raya al'adunmu na gado, sa'an nan ya zauna, ya gyara hannun babbar riga, barci ya yi awon gaba da shi tun ba a gama fitowa ta farko ba. Tafi ne ke tashe shi, kuma idan ya farka babu mai tafa hannu da ƙarfinsa. Ba ni da ƙara a kansa, domin mai barci ba ya cutar da maƙwabcinsa.

Mai cutarwa shi ne Na-riga-ku-gani. Wannan bawan Allah ya kalli wasan jiya, ko kuwa ƙanensa ne ke jan labule, saboda haka ya ɗauka cewa amana ce aka ɗora masa ya sanar da jama'a abin da ke tafe, kamar wanda ya ga wata yana tsoron zunubin ɓoye shaida. Ana cikin natsuwa, attajirin yana laluben tukunyar kuɗinsa a ƙarƙashin gado, sai ka ji an zungure ka da gwiwar hannu an ce, «Malam, kula da kyau, babu kome a ciki, amarya ta kwashe, yanzu zai faɗi sumamme.» Ya riga malam masallaci, ya riga liman kabbara, ya kuma riga kowa dariya, ta yadda kafin maganar ban dariyar ta fito daga bakin mai ita ta riga ta huce kamar tuwon da aka bari a buɗe. Na taɓa roƙonsa don girman Allah ya bar ni in gani da idona, ya dube ni da mamaki ya ce ai taimakona yake yi.

Amma jinsin da na fi ƙauna, wanda kuma na fi daɗewa ina nazarinsa, shi ne malam mai tsantseni. Tun ran Laraba yake faɗa a zaurensa cewa wasan kwaikwayo lagawu ne, ɓata lokaci ne, mafi sauƙin hukuncinsa shi ne karahiyya, kuma duk mai mutunci ba ya kai ƙafarsa wurin. Ran Asabar kuwa sai ga shi a layi na uku, da carbi a hannu, ya ja rawani ya rufe rabin fuska, idan kun haɗa ido ya ce maka ya zo ne ya ga irin ɓarnar da ake yi don ya san ta inda zai ɓullo mata a wa'azin Juma'a. Hausawa dai sun ce na shiga ban ɗauka ba ba ta fid da ɓarawo. Da aka fara, sai na ga yana jan carbi da sauri fiye da ƙa'ida. Da attajirin ya tsaya yana ciniki da almajiri a kan ragowar ƙanzo, sai kafaɗun malam suka fara rawa. Da aka kai inda marowacin ya hura wa fitila iska ya kashe ta don kada baƙo ya ga yawan naman da ke cikin miya, sai dariyar da aka tsare tun farkon dare ta ɓalle ta hanci, ta fito da wata ƙara kamar ta tunkiya mai mura, malam yana share hawaye da gefen rawani yana faɗin astagfirullahi tsakanin kowace shessheƙa biyu. Na sunkuya na ce, «Allah gafarta malam, yaya aka ga ɓarnar?» Ya ce, «Mai yawa ce, ɗana, mai yawa ce ƙwarai. Gobe ma suna yi?»

Ban ga laifinsa ba, domin tsakanin malamai da masu ban dariya akwai tsohuwar alaƙa irin ta taubasai. Tun kafin a san labule da dandamali a ƙasar nan, 'yan kama suke yawo kasuwa kasuwa da rawuna da tarkacen takardu, ɗaya ya zauna kamar mai tafsiri ɗaya yana ja masa baki, da murya da ƙira'a da gyaran zama duk na malamai, alhali kuwa matanin nasu bai wuce tuwo da miya da fura da nama ba. Kuma yara masu tashe, daga goma ga watan azumi, sukan manna gemun auduga su bi gida gida suna kwaikwayon tsofaffi da malamai da mawadata, a ba su hatsi a yi musu addu'a. Wanda ya tashi a cikin wannan, ko ya hardace Risala da Muhtasar, da wuya hanjinsa ya manta da hanyar dariya.

Masu dariya su kansu mazhabobi ne. Akwai madoki, wanda dariya ba ta yi masa daɗi sai ya ɗaɗa wa cinyar maƙwabcinsa duka, ta yadda za ka koma gida kana ɗingishi kamar wanda ya faɗo daga jaki. Akwai mai dariyar bashi, wanda ba ya gane magana sai an wuce ta da fitowa guda, sa'an nan a daidai lokacin da uwargida take kuka kowa ya yi tsit, shi kuwa ya tuntsire shi kaɗai. Akwai kuma wadda take danna mayafi a baki don kada surukarta da ke bayanta ta ji, ba ta san surukar ma abin da take yi ke nan ba.

Sai Iya. Ita Iya ba ta yarda cewa akwai wani abu wai shi kwaikwayo ba. Abin da idonta ya gani ya faru, kuma shari'a ta wajaba a kansa nan take. Tun daga lokacin da attajirin ya hana uwargida kuɗin sabulu ta fara ja masa Allah ya isa a hankali, da ya ɗaga hannu kamar zai mare ta kuwa sai ta miƙe tsaye da sandarta ta ce, «Kai, la'ananne, taɓa ta ka gani! 'Yar nan, tashi ki tafi gidanku, ubanki bai mutu ba!» Jikanta yana jan zanenta yana cewa, «Iya, ai malaminmu ne na lissafi,» ta ce to shi ya ƙara muni, a ce mai koya wa 'ya'yan mutane shi ne mai wannan hali. An ba ni labari cewa bayan kwana uku ta gamu da shi a bakin kasuwa ta ƙi amsa gaisuwarsa. Ni a ganina babu lambar girma da za a rataya wa ɗan wasa wadda ta kai wannan fushin daraja, domin wanda ya iya sa dattijuwa mai hankali, wadda ta aurar da 'ya'ya ta ga jikoki, ta manta cewa gemun nan na auduga ne, lalle ya kai matuƙa a sana'arsa.

Kishiyar Iya shi ne ɗan boko mai suka, wanda bai yarda da kome ba. Yakan zauna ya harɗe ƙafa, ya tura tabarau can ƙarshen hanci, ya yi ta girgiza kai yana cewa a Ingila ba haka ake yi ba, ko da yake iyakar tafiyarsa Kafancan ce. Sunan Shakespeare ba ya barin bakinsa. Amma da na tambaye shi ko ya karanta Daren Sha Biyu, fassarar da Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa ɗaya daga cikin wasannin mutumin nasa a 1971, sai ya shiga goge tabarau. Bai san cewa Abubakar Tunau ya fitar da Wasan Marafa tun 1949 ba, ko cewa Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi yake shirya wasanni yana yi wa azzalumai shaguɓe da su, ko cewa Shu'aibu Maƙarfi sai da ya tara jama'a a gindin rediyo da wasanninsa kafin a buga Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a bayansa. Duk da haka na lura cewa idan aka kashe fitilun ɗaki, ya tabbata ba mai ganinsa, shi ma haƙoransa a waje suke.

Akwai waɗanda kuma kowane wasa ba ya yi musu sai sun auna shi da gwaninsu. Tsohon soja ba ya ganin kowa da gashi in ba Samanja Mazan Fama ba, wato marigayi Usman Baba Pategi, kuma yana da hujja, domin mutumin soja ne na haƙiƙa kafin ya zama na wasa, shi ya sa Hausar bariki da yake kwaɓawa da Turanci, da tsawar da yake daka wa kurata, ba aro ya yi ba. Na kusa da shi ya ce a'a, Ƙasimu Yero ne sarki, wanda zai sa ka dariya da ɗaga gira kawai. Na Jos ya kawo Karkuzu, yaro ya kawo Ibro, wani falke kuma da ya zo daga Damagaram ya rantse cewa duk wanda bai ga Yazi Dogo da jama'arsa a kan dandamali ba bai san abin da ake kira wasa ba. Musu ya yi tsami har na gaba suka juyo suka ce a yi musu shiru, kowa kuwa a cikinsu gaskiyarsa ya faɗa.

Ba zan tsaya a kan mai liƙi ba, wanda yake canjin kuɗinsa zuwa ƙananan takardu tun da rana, ya hau dandamali a tsakiyar magana ya juya wa 'yan wasa baya don jama'a su ga shaddarsa. Haka nan 'yan taga, waɗanda ba su biya ko anini ba amma sun fi kowa ƙorafin cewa ba sa ji sosai.

Wani dare da aka maimaita wasan marowacin, da aka tashi, sai na zaga bayan labule don in yi wa gwanaye barka, tunda yabon gwani ya zama dole. Labulen ashe zannuwan gado ne guda uku aka haɗa da allura. Na tarar da attajirin zaune a kan akwati, ya zare matashin kai daga cikin riga, tumbin nan da ya cika dandamali ya koma sirit, yana ɓamɓare gemu a hankali yana cije leɓe domin ƙaron da aka manna shi da shi ya kama fata, gumi ya wanke garin alli da aka shafa masa a gira ya gangaro har haɓa. Mako shida suka yi suna gwaji bayan la'asar, abin da aka tara a ƙofa kuwa, bayan an biya hayar fitila da bencina, bai wuce na shayi da burodi ba. Na tambaye shi inda ya samo tafiyar nan ta marowaci, da yadda yake dafe aljihu duk lokacin da aka yi masa sallama. Ya ce, «Baba, ba mu ƙago kome ba, a kasuwa muke tsinta, da wurin ɗaurin aure, da nan cikin ɗakin.» Na tuna da maƙwabcina na benci, wani dillalin hatsi da ya sha yi mini rowar goro, wanda tun farkon wasa yake zungurina yana cewa wallahi wane ne sak, yana ambaton sunan abokin cinikinsa, hannunsa kuwa dafe da aljihu.

Na yi dariya na ce lalle gwano ba ya jin warin jikinsa, na kuwa zaro 'yar takardata na karanta masa jinsunan da na tattara, ina jin kaina kamar wani alƙali. Ya saurara da ladabi har na gama, sa'an nan ya kira wani siririn yaro da ke naɗe labule ya ce, «Zo ka nuna wa Baba na wata mai zuwa.» Yaron ya ari hula, ya zauna a bakin akwati, ya juya wa dandamali ƙeya, ya ƙanƙance ido yana leƙen fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, yana lasar bakin fensir yana rubutu a bayan tikiti, yana gyaɗa kai shi kaɗai, har ɗan tarin nan da nakan yi kafin in yi magana bai bari ba. Aminina ya riƙe ciki ya zame ƙasa. Na tambayi ranar da za a yi, na biya kuɗin kujera biyu a layin baya.