Zuwa ga Taubashina, Injiniyan da Kwamfuta ke Yi wa Rubutu

Taubashi, labarinka ya riga ka isowa. An ce tun da ka gano ChatGPT, rahoton aikin lantarkin da kake kwana kana tauna biro a kansa, yanzu kafin kokonka ya huce ka gama. Mutumin da tun yana ɗalibi a jami'ar fasaha ta Tamale ba ya iya rubuta wa gwaggo layi biyu ba tare da kure ba, yau shi ke miƙa wa masu gini takarda mai kauri da Turanci sumul. Har mutanen Zango sun fara ce maka Injiniya ba da gatse ba. Ni dai na san bawana.

Ban hana ka ba. Duk wanda ya taɓa fama da rubutunka na da ya san wannan ƙirƙirarriyar basira jinƙai ce ga mai karatu. Tana jera maka aiki babi-babi, ta gyara nahawu, ta mayar da tsutsar da ka zana a bayan kwalin waya ta zama jadawalin kaya. Har bayanin yadda mai gida zai kula da batirin solarsa tana rubutawa cikin ladabi, abin da kai ba ka gada ba.

Sai dai ka gyara zama. Wannan sakatariyar taka a Amurka aka haife ta, a Nuwamban 2022, kuma ta sha karatun mutanen can. Wutar gida a can bolt 120 ce, wadda kamfanin NEDCo ke raba mana a nan Ghana 230. Su da lambar geji suke kiran kaurin waya, mu da milimita. Inda abin ya fi hatsari shi ne launi. A can baƙar waya ce ke ɗauke da wuta, fara ce niyutural. A tsohon wayarin irin na Ingila da za ka tarar a gidajen Sakasaka da Aboabo, ja ce mai wuta, baƙa niyutural. Sabon tsari kuma ruwan ƙasa ne da shuɗi. In ka yi ƙiwar gaya mata inda kake, ta rubuta maka na can, yaronka ya bi takarda ya ɗora makunni a kan baƙa, to ko an kashe fitila ja tana nan da wutarta, tana jiran mai canza ƙwai.

Kuma ba ta taɓa shiga cikin silin ƙarƙashin kwano a Lamashegu a watan Maris ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Wayar da ke kwance cikin wannan turiri ba za ta ɗauki nauyin da za ta ɗauka a wuri mai sanyi ba, dole a ƙara mata kauri ko a rage mata kaya. Ba ta ga yadda ƙurar hunturu ke lulluɓe farantin sola ba, balle yadda ƙasa ke bushewa da rani har sandar atin ta rage aiki. Waɗannan lambobi daga bakin mita suke fitowa, a wurin aiki, da gumi. In ka bar mata gurbi a takardar gwaji, tana iya cike shi da lamba mai kyan gani ba tare da ta ƙifta ido ba. A 2023 wani alƙali a birnin New York ya ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kai masa shari'o'in da ChatGPT ta ƙirƙiro. Su kuɗi suka biya. Kai kuren naka gobara ce a gidan mai iyali.

Ka tuna dokar wayarin ta 2011, wato L.I. 2008, cewa ta yi sai mai shaidar Hukumar Makamashi ne zai ja waya a gini, kuma shi ke sa hannu kafin a jona wuta. Sunanka ne a ƙasan takardar, lambar lasisinka ce a gefe. Ranar tuhuma ba wanda zai aika wa kwamfuta sammaci, kai za a ɗauko, ni kuma in rufe shago in tafi beli. Mun sha dumsor, wato yawan ɗauke wuta, a 2015, mun san darajar wuta. Kada ta taso tun daga madatsar ruwan Akosombo, ta keto ɗaruruwan kilomita lafiya, ta zo ta lalace a hannun malalaci.

Saboda haka, ka hau tsani ka auna da kanka, ka gaya mata ƙasar da kake da ƙa'idar da kake bi, ka ba ta lambobinka ta shirya su, sannan ka karanta layi-layi kafin ka sa hannu. Kuɗin sharata kuwa ka turo ta MoMo kafin daren bikin Bugum. Kada ka sa ta rubuto mini uzuri, domin da na ga ladabi a ciki zan san ba kai ba ne.