Mai Ashirin da Masu Yi Mata Fatawa

A cikin karta 54 da ke kwalin Whot, 49 ba su taɓa raba abota ba. Bakwai ta kuros ba ta da maƙiyi. Sha ɗaya ta akwati ko ta ɓace mako guda ba mai cigiyarta. Biyu da biyar da sha huɗu suna da zafi, amma zafinsu a fili yake: an ɗora maka, ka tafi kasuwa ɗibar karta, ka dawo kana ƙunƙuni. Rigima duk tana kan biyar ɗin nan masu lamba 20, waɗanda ke hawa kan kowace karta, mai su ya gyara zama ya faɗi abin da yake so a bi shi da shi. A Damagaram, daga Birni zuwa Zango, daga Sabon Gari zuwa Garin Malam, duk fadar da aka ɗora butar shayi a kan gawayi akwai wanda ya fi kowa sanin dokar mai ashirin. Abin takaicin shi ne a kowace fada sun kai shida, kuma ba a taɓa samun biyu da bakinsu ya zo ɗaya ba.

Tambayoyin ba su da yawa, ba sa kuma tsufa. In an ɗora maka biyu ko biyar, mai ashirin tana tare maka, ko dole ka ɗiba? Ana tashi da ita, ko sai ka nemi wani abu ka jira zagaye ya dawo? In aka buɗe kartar farko sai ga ta, wa ke da bakin kira, mai rabo ko na kusa da shi? Iyakarsu ke nan. A kansu na ga magidanta masu furfura sun daina gaisawa.

Shugabansu duka shi ne Ɗan-Kano. Kada sunan ya ruɗe ka, Badamagare ne gaba da baya, a Zango aka binne cibiyarsa. Ya dai taɓa yin ƴan watanni yana sauke wa wani Alhaji dilar atamfa a Kantin Kwari, ya dawo ta Daura da Matamai da sabuwar hula da magana guda wadda yake ci da ita har yau: “A Kano ba haka ake yi ba.”

Ranar da mai ashirin ke hannunsa, ka ɗora masa biyu, zai yi murmushi ya sauke ta a hankali, ya ce a Kano ko yaron goye ya san tana tarewa. Bayan an sha shayi na biyu sa'a ta juya, kai ka tare nasa biyun da ita, sai ya dafe ƙirji. “Haba abokina! Wannan a Kano ko gwadawa ka yi sai an tashe ka daga tabarma.” Ka tuna masa abin da ya faɗa ɗazu, ko a jikinsa, domin Kano babban gari ne. Waccan dokar Fagge ce. Wannan ta Kurna ce. In an matsa masa akwai ta Birged, akwai ta Gwammaja, akwai wata ta musamman da ba a bin ta sai bayan isha'i. Dokar tasa kamar farashin naira take a bakin ƴan canji, na safe daban na yamma daban, kuma kullum kai ne a ƙasa.

Idan gardama ta yi tsami yakan zaro waya. Akwai wani yayansa a Kwari wanda, a faɗarsa, duk Kano ba mai ja da shi a karta. Ya kara wayar a kunne, ya tashi ya koma gindin bango, mu ji yana “Eh... eh... ai haka na gaya musu, yaya.” A ce ya buɗe murya kowa ya ji, sai rezo ya ɗauke. Wannan yayan bai taɓa ba ƙanensa rashin gaskiya ba ko sau ɗaya, abin da ke nuna zumunci bai mutu ba a ƙasar Hausa.

An taɓa samun Bakano na gaske, ɗan kasuwa da ya kawo kaya Kasuwar Dole. Aka zaunar da shi, aka miƙa masa shayi, aka ce to ga alƙali Allah ya kawo. Bawan Allah ya yi dariya ya ce su ma can kowace majalisa da yadda take yi, kafin a raba ake daidaitawa. Muka juya gaba ɗaya muka kalli mutuminmu. Ko gezau. Ya bari baƙon ya tashi alwala, ya sunkuyo ya ce mana, “Ku ji Hausarsa mana. Wannan ɗan ƙauye ne, bai san cikin gari ba.” A ƙarshen ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi har ƙasar Kano da dawakai da bindigogi. Yau ga jikokin mayaƙansa zaune a tabarma ana juya su da sunan Kano, Kanawan ma ba su da labari. Allah ya sa kada su ji, domin abokan wasa ne, ba za mu ƙara sakewa a gabansu ba.

Duk da haka ranar da bai zo ba wasa ba ya daɗi. Sai a yi ta rabo ba mai ɗaga murya, kowa na hamma.

Mai ajiya shi ba ya gardama da kowa. A wurinsa mai ashirin dukiya ce, ba a taɓa ta sai ranar buƙata, ranar kuwa ba ta zuwa. Zai yi ta zaryar kasuwa da ita a hannu. Kasuwa ta ƙare, a zo ƙirga, a same shi da guda biyu, 40 cif kafin a duba sauran, ya ce saura ƙiris dabararsa ta ci. Akasinsa shi ne mai zafin hannu, wanda ke jefa ta a zagayen farko alhali yana da abin bi, ya nemi ƙwallo da ƙarfi, zagaye ya dawo a ga ashe shi ma ba shi da ƙwallon. Akwai mai dogon nazari, wanda sai ya sauke ta sannan zai fara tunanin abin da zai nema, yana jan gemu, har mai shayi ya wanke kofuna. Akwai ɗan leƙe, ba ya wasa, yana dai tsaye a bayanka, da ka ɗauko ta daga kasuwa sai tari ya sarƙe shi.

Mai kwalin karta shi ma hukuma ne. Kartarsa ta ji jiki. Mai ashirin ɗaya kunnenta a lanƙwashe, ɗaya da tabon shayi a baya, ɗaya kuma ta ɓata tun bara, ya yanko kwalin sukari ya rubuta 20 da biro. Duk wanda ya riƙe wannan, daga tsallaken titi ana hango ta. A ce a haɗa kuɗi a sayi sabuwa, ya ce sabuwar karta santsi gare ta. Alamar da ke bayan ta huɗu da ta biyar shi kaɗai ya san ta.

Ɗalibin jami'a da ilimi ya zo mana. Ya zauna ya ƙirga, ya gano tauraro 7 ne kacal a kwali, ba wanda ya haura takwas, alhali ƙwallo 12 ce, mai kusurwa uku 12, kuros da akwati tara-tara. Lissafinsa daidai ne. Saboda haka duk sanda ya sauke mai ashirin tauraro yake nema, yana da shi ko babu. Sai dai tun ranar da ya warware mana wannan sirri da gawayi a jikin bango, kowa ke ɓoye tauraro ɗaya yana jiransa. Mu ma ba mu tsira ba, domin a wurin ƙirga ninka tauraro ake yi, takwas ta koma 16. Ilimin nan ya cuci kowa.

Sai Mushe. Tsohon malamin lakwal ne, ya koyar da rabin fadar, don haka ba mai ce masa kai. A ganinsa Whot wasan yara ne da aka tsallako da shi iyaka. Karta ita ce belot. Zai zauna a kujerarsa, ba a tabarma ba, ya yi mana darasi a kan kartar bale: shi ma 20 yake ci, amma sai in irinsa ne atu, wato irin da ke cin sauran, in ba haka ba darajarsa 2, tara na bin bayansa da 14, karta 32, maki 162, ba ƙari ba ragi, a Faransa har ƙungiya gare su mai rubutacciyar doka. “Wannan ita ce karta mai tarbiyya. Taku kuwa ba gida ba dangi, wadda ta samu ta hau.” Mu ce, “Gaskiyarku, Mushe, Allah ya ƙara girma.” Sai dai belot mutum huɗu take so, abokansa kuwa ɗaya ya koma Yamai wurin ƴaƴansa, ɗaya ido ya ƙi. Ranar da ba su cika ba sai ka ga ya sauko da kansa, wai don ya nuna mana wautar wasan. A bar mai ashirin ta shigo hannunsa ka ga yadda ake buga karta: sai ƙura ta tashi daga tabarma, ya nemi kuros da Faransanci.

Na baya-bayan nan shi ne ɗan waya, wanda ke kara wa da na'ura kafin ya yi barci, ya ce manhajarsa ba ta yarda da kaza ba. Wani ya buɗe tasa, ita ta yarda. To ai ko masu kamfani ba su sha ba. A 2019 masu yin Uno, ƴar'uwar Whot ta Amurka, sun fito sun sanar cewa ba a ɗora “ɗauki biyu” a kan “ɗauki huɗu” don a tura wa na gaba. Duniya ta taso musu, ana ce musu su buga kartarsu su bar wa mutane wasansu.

Akwai kuma wani da ba zan tsananta masa ba, domin mutumin kirki ne, yana ɗan taɓa rubutu a mujallu, kuma na san halin da yake ciki. Shi ne mai tarihi. Zai gaya maka wani Bature ɗan Ingila, William Henry Storey, shi ya fito da wasan a 1935, daga baya kamfanin Waddingtons ya karɓa ya yi ta bugawa. Zai ce a dokar farko aikin mai ashirin ɗaya ne tak, ta hau kan kowace karta ta sauya abin da ake bi, su ɗauki biyu da ɗauki uku da kowa kasuwa ƙari ne na ƴan Najeriya. Ke nan zancen tana tarewa ko ba ta tarewa, wanda ya ƙirƙiro ta ma bai san da shi ba, babu takardar da za a buɗe a raba gardama. Maganarsa gaskiya ce tsantsa. Abin lura kawai shi ne lokacin da take zuwar masa. Bai taɓa tuna 1935 ba sai an ɗora masa biyar ga shi ba abin karewa, yana fata kafin ya gama bayani a manta da ukun da ake binsa. Ba a mantawa. Damagarawa ba sa manta bashi.

Duk waɗannan nawa ne, in sun yi tafiya ina kewarsu. Wanda ba na iya yi wa dariya shi ne mai “a sa wani abu”. Yakan zo da fara'a, ya sayi sukari, ya ɗan jima yana wasa lafiya lau. Sannan ya ce wasa ba kuɗi ba ya armashi, a sa ko dala ashirin ce. Dala ashirin ta zama ɗari, ɗari ta zama jika. Ba Mushe yake nema ba, ba kuma magidantan da suka san ciwon kuɗinsu ba. Idonsa na kan yaron kabu-kabu da ya tsaya shan shayi da kuɗin mai babur a aljihu, da ɗan garuwa da ya wuni yana tura kura a garin da kowa ya san wahalar ruwansa. Shi ne kaɗai a fadar da ya san tambayoyin nan sarai, ya san ba su da amsa, ya kuma ƙi tayar da su kafin a raba. Yana sane. Sai kuɗi sun taru a tabarma, yaro ya sauke mai ashirin ya ce ya tashi, sannan zai danne kuɗin da tafin hannu ya ce ba a tashi da ita. In shi ne ya tashi da ita kuwa, wa ya isa ya yi magana? Ɗan-Kano ƙarya yake yi don a ce ya sani, iyakarta a yi ihu a sha shayi. Wannan ruɗanin ya mai da sana'a. Na ga yaro ya miƙe daga tabarma yana share ido da gefen riga, bai san abin da zai gaya wa mai babur ba. Dattawan unguwa dama kallon caca suke yi wa kowace irin karta, mun sha rantse musu cewa tamu ta hira ce. Mutum ɗaya ya zo ya gaskata su. Mai gidan da muke zama a inuwar bangonsa ya aiko a ce mu nemi wani wuri, kuma ban ga laifinsa ba.

Da muka sami sabuwar inuwa, ban da mai “a sa wani abu”, Mushe ya kafa sharaɗi: ba kuɗi a tabarma, ba a kuma raba karta sai an daidaita a kan mai ashirin, kowa ya faɗa da bakinsa. Aka bi ɗaya bayan ɗaya. Mai ajiya ya ce duk yadda aka yi daidai ne. Ɗalibi ya nemi a ba shi lokaci ya yi lissafi. Mai tarihi ya buɗe baki, aka ce ya rufe. Aka zo kan Ɗan-Kano, Mushe ya dube shi ta saman tabarau ya ce, “To, kai da ka ga duniya, tana tarewa ko ba ta tarewa?”

Ya sosa ƙeya, ya kalli kartar da ke hannun mai rabo.

“Mushe, ku yi haƙuri, a Kano sai an raba ake faɗa.”