Ni Ne Mai Ƙofar Firji

Ranar Talatar nan ɗan wana da ke aiki a Abuja ya turo mini katin ɗaurin aurensa ta WhatsApp. Na ce masha Allah, yaro ya girma. Idona ya gangara ƙasan katin, inda aka saba liƙa lambar asusun banki, domin wannan kam mun riga mun haƙura da ita tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, lokacin da har tsofaffin Makoda suka iya cewa "tura mini ta Opay". Ban ga lamba ba. Wani shuɗin rubutu na gani, wai in latsa.

Da na latsa, sai ga ango da amarya sun jingina da motar da na tabbata ba tasu ba ce. A ƙarƙashinsu kaya ne jere, kowanne da hotonsa da kuɗinsa da kantin da yake. Wannan na Jumia, wancan na Konga, wani ma na Amazon ne can Amurka, farashinsa da dala. Ashe shafin ba ruwansa da kanti ɗaya, duk inda amarya ta hango abin da ya burge ta a intanet sai ta jawo shi ciki. Yarinya tana kwance a katifa ta zaga kasuwannin duniya tana nuna kaya da yatsa, mu dangi aka bar mana biya.

Akwai injin gasa burodi. Akwai injin matse lemo, da tukunyar da ke soya kaza ba mai, da wani faifai da aka ce shi ke yawo da kansa yana share ɗaki. Amaryar kuwa nan gidan gado za a ajiye ta tukuna kafin ango ya samu muhalli a Abuja, a unguwar da rabonmu da wutar lantarki tun kafin azumi, har kurciya ta yi sheƙa a kan turken.

Na kira shi. Ya ce, "Baffa, ai sauƙi aka kawo. Don kada mutane su yi ta kawo abu iri ɗaya ne. Haka ake yi a ƙasashen waje."

A nan bai yi ƙarya ba. Tun 1924 wani babban kanti mai suna Marshall Field's a birnin Shikago ya fara ajiye littafin da amarya za ta rubuta irin farantai da cokulan da take so, masu kawo kyauta su duba. Matsalar Bature ke nan, yana tsoron a ba shi buta biyu. Mu kuma yaushe abu iri ɗaya ya zama aibi? Uwarsa da ta haife shi, da langa da samira da fanteka iri ɗaya aka yi mata jere daga ƙasa har rufin ɗaki, mata suka zo daga Koguna da Maitsidau don kallo kawai. Babu wadda ta ce an maimaita. Ƙirgawa suka yi, suka koma gida da ciwon rai.

Na ce masa duk abin da ke shafin ya fi ƙarfin aljihuna, ga damina ta kama, ga taki. Sai ya ce, "Baffa, duba firjin. An raba shi kashi ashirin, kana iya sayen kashi ɗaya ko biyu."

Na duba, haka ne. Firji mai tsayin mutum, a gefensa wani layi da ke cika a hankali duk lokacin da wani ya biya. Don kada a ce ƙanin uba ya noƙe, na je wurin mai POS na biya kashi biyu. Saƙon godiya ya shigo da hoton fure. Amma babu inda aka gaya mini wane ɓangare na firjin na saya, ni kuma ban saba sayen abin da ban san iyakarsa ba. Ko gona ce sai an kafa shaida an nuna maka daga kuka zuwa gawo. Saboda haka na zauna na yi lissafi, na ga kashi biyu cikin ashirin ba zai wuce ƙofa ba. Na ɗauki ƙofar.

Ina sanar da jama'a tun yanzu don gudun rigima. Ƙofar firjin nan tawa ce, da mariƙinta da robar da ke bakinta da 'yan ramukan da ake jera ƙwai. Mijin ƙanwata da ya biya kashi huɗu ya riƙe injin, Allah ya sanya alheri, shi zai sha da mai gyara. Abokin ango na Kaduna ya ɗauki gidan ƙanƙara. Wani ɗalibi da ya haɗa kuɗi da abokinsa suka sayi kashi ɗaya, su je su sasanta kan waya da filogi. Ni dai ba a shiga firjin nan sai ta wurina. Ran da na kai ziyara, ba sai na jira amarya ta kawo mini ruwa ba, zan miƙe in buɗe abina in rufe, in sake buɗewa. In ta yi magana in ce, "'Yata, ruwan naki ne, ban taɓa ba."

Abin da ke hana ni barci shi ne gado. In ta Allah ta kasance, ƙofar nan tana cikin dukiyar da za a raba. Uwargida da amaryata su raba tumuni, wato dai wajen ramin ƙwai ɗaya da rabi. 'Ya'ya maza su ɗauki ninkin na mata, sai a ga wa zai samu mariƙi, wa zai tashi da roba. Na san halin babban ɗana, cewa zai yi a sayar a raba kuɗi. Wa zai sayi ƙofar firji a kasuwar Dambatta ran Lahadi? A layin shanu za a kasa ta ko a layin 'yan gwangwan?

Sai kuma abin da ba a fata. Allah ya ba su zaman lafiya, amma mun ga jiya mun ga yau. Ran da gwaggonnin amarya suka iso da a-kori-kura kwasar kaya, za su tarar da ni a bakin zaure da abin kwance noti a hannu. Su ɗauki gado, su ɗauki kujeru, su ɗauki faifan shara in ya yarda ya bi su. Firji kam a buɗe zai hau mota. In aka kai ni gaban alƙali, magana ɗaya ce: "Allah gafarta Malam, ga rasit a wayata, har da hoton fure." Ya tambayi inda aka rubuta ƙofa, ni kuma in tambayi inda aka rubuta ba ƙofa ba. A ɗage shari'a sai bayan Sallah, a nemo ɗalibai biyu masu filogi su ba da shaida.

Duk wannan fa in an sayi firjin ne. Har daren jiya layin bai kai rabi ba, ya tsaya cak. Ga dukkan alamu na mallaki ƙofar da babu abin da take rufewa.

Dariyar ta ƙare mini ne da yayata ta shigo. Mijinta ya rasu, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, da su ta riƙe marayu. Tun da aka sa ranar auren nan take tanadi: ta ware zakara, ta daka kuka da kuɓewa, ta ajiye daddawa da tiya biyu ta gero, ta sayi sabuwar tabarma. Jikarta ta nuna mata shafin, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce mini, "To ni ina zan latsa?"

Babu inda za ta latsa. Shafin ya san kantin da ke bayan teku, bai san zakara ba. Kuma a ƙarƙashin kowane kaya ana rubuta sunan wanda ya biya, kowa yana gani, har dangin amarya. Wanda bai biya ba shi ma ana ganinsa, tunda babu sunansa. Matar da za ta kwana uku a bakin murhu tana tuƙa tuwon 'yan biki, hayaƙi na cin idonta, ita ce za ta fito a wadda ba ta kawo komai ba. Yaron nan da kuɗin gyaɗarta aka taɓa cika masa kuɗin jarrabawa. Ban ce ya manta ba. Na ce dai wanda ya tuna ba zai aika wa gwaggonsa farashi da dala ba. A da ango ɓuya yake yi don kunya, ko sunan amarya ba ya iya faɗa a gaban manya, balle ya ce ga abin da za a saya masa, ga launin da yake so.

Kuma in don ajiye lissafi ne, wace kwamfuta ce za ta kama ƙafar yayata? Ta san abin da kowace mace ta kawo a kowane biki da suna tun shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, 1973, ba ta taɓa riƙe biro ba. Ta san wadda aka kai wa ɗari biyar ta mayar da dubu, ta san wadda aka ninka wa ta yi shiru, ta san wadda ta ce tana asibiti alhali an gan ta a kasuwa tana taya atamfa. Gudummawa bashi ce mai ƙafa, tana zuwa tana komawa. Shafin yaron nan kuwa ana gama biki an gama da shi.

Ai ko maganar maimaita kaya da yake yi, bai san amfaninta ba ne. Akwai wata jar kula a ƙasar nan da ta fi ni halartar biki. Na fara ganinta a auren wata 'yar maƙwabta, na shaida ta da wani tabon manja a gefen kwalinta. Bayan 'yan watanni na gan ta a Kunchi. Aka kai ta Kazaure, ta ƙetara Ɓaɓura, ta dawo ta Dambatta a bayan babur, kowace tafiya da sabuwar takardar naɗi a kan tsohuwa, har kwalin ya yi ƙiba. Ba a taɓa zuba mata ko ruwan zafi ba. Amarya ta karɓa ta yi godiya, uwarta ta ɗaga ta ta ji nauyi ta gane ta, a tura ta ƙarƙashin gado sai biki na gaba. Kula ɗaya ta fitar da gidaje da yawa kunya, ba wanda ya yi asarar sisi. Haka agogon bango. Duk ɗakin amaryar da ka shiga a Makoda ƙarfe goma da minti goma ne, domin ba a sa musu batir, kada su tsufa kafin a miƙa su gaba.

To bana aka samu matsala. Kular ta faɗa hannun wata amarya a Satame, 'yar boko, ba ta san tarihi ba, uwarta kuma ba ta kusa. Ta yage takardun nan duka, ta wanke kula, ta zuba wa mijinta shinkafa da wake a ciki ta aika masa gona. Labari ya iso mana kafin la'asar. Mata suka yi cirko-cirko, domin gida uku na nan sun riga sun sa ta a lissafin bikin bayan kaka, ɗaya ma ta sayi takardar naɗi. An tura dattijuwa ta je ta gani ko za a iya wanke ta a mayar kwali, ta dawo ta ce yaji ya riga ya kama murfin.