Saiwar Koriya a Kasuwar Maigatari

Tun ranar da wani abokina ya ce abin da ke damuna ba gajiya ba ce, damuwa ce irin ta manya, na koma tafiya a hankali ina dafe ƙugu. Ka san gajiya ta talaka ce. Mu masu karatu, wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda ne ke wahala, masu fitar da sinadarin kotisol idan hankali ya tashi. A waya na karanta. A wayar dai na ga likitoci ba su yarda akwai wata cuta wai gajiyar waɗannan halittu ba, amma wurin da sauri na wuce shi.

Ranar Alhamis na hau mota daga Gumel sai kasuwar Maigatari. Jama'a na cinikin raƙuma da shanun Nijar, ana auna riɗi da zoɓo, ni kuwa na zarce wajen wani mai magani da lasifika. Ya kwance tsumma ya zaro busasshiyar saiwa, ya ce jinsen ce daga Koriya. Na gyara zaman hula, na sanar da shi cewa ta ƙwarai sai ta shekara shida a ƙasa kafin a tone ta. Ya ce, "Alhaji, tawa bakwai ta yi." Alhajin nan shi ya kashe ni, ni da ban taɓa taka matakalar jirgi ba. Ko tayawa ban yi ba, na zube masa kuɗin takin gero.

Na jiƙa, na sha safe da dare. Uwargida ta ce warin rumbu take ji, na ce ina ta san ƙamshin Koriya. Barci ya ƙaurace mini, na yi ta murna, don an rubuta cewa ta gasken tana hana barci. Sai in kwana ido biyu ina lissafin kuɗin taki, ina yaba ƙarfin magani.

Wata la'asar na kai ta majalisa don a gani. Wani dattijo mutumin Sule Tankarkar ya karɓa, ya kankare da farce, ya gatsa.

"Ɗana, nawa ka saya?"

Na faɗa, har na rage rabi.

"Rogo ne. Ya dai sha rana."

Ragowar na miƙa wa akuyarmu a ɓoye. Ta shinshina ta juya baya, daidai lokacin da uwargida ta leƙo tana tambayar yaushe za a kawo takin.