Rabe-raben Masu Kwamfutar Gida Gwargwadon Ƙofar da Suke Bar wa Bairas

Abin da ake kira bairas a fagen kwamfuta wata 'yar manhaja ce da take maƙalewa a jikin fayil tana hayayyafa, kuma tun 1986, lokacin da wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan suka saki wanda aka sani da Brain ta faifan fulofi, danginsa suke ƙaruwa. Akwai manhajar leƙen asiri, wadda take lafewa tana kwashe kalmomin sirri da duk abin da aka rubuta tana aika wa ubangidanta. Akwai ta garkuwa, wadda take kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa. Akwai kuma Turojan, mai zuwa da kamannin abu mai amfani alhali ɓarna ce a cikinsa. Littattafan fannin sun rarraba waɗannan aji-aji, amma ba kasafai suke rarraba mutanen da suke zama a gaban na'urar ba, duk da cewa mafi yawan mugayen manhajoji sai an buɗe musu suke shiga, kuma kowane maigida yana da ƙofar da halinsa ya saba bari a buɗe.

Mafi natsuwa a cikinsu shi ne Mai Tawakkali, wanda hujjarsa ɗaya ce ba ta sauyawa: "To me za a sata a wurina? Hotunan biki ne da karatuttukan malamai." Abin da ya shige masa duhu shi ne, sau da yawa ɓarawon intanet na'urar kanta yake so, domin akan tara dubban kwamfutocin da aka kame a sarrafa su daga nesa, a sa su aika saƙonnin damfara ko haƙar kuɗin kirifto, ta yadda bawan Allah yakan shekara yana yi wa wanda bai taɓa gani ba aiki da datarsa da wutarsa, yana ɗora laifin nauyin na'urar a kan zafin gari. Wannan rukuni ya riƙe rabin darasin dogaro ga Allah, ya bar rabin da ya shafi ɗaure raƙumi.

Kusa da shi akwai Mai Saurin Yatsa, wanda yatsarsa take riga idonsa isa kowane wuri, kuma tarihi ya nuna cewa ba shi da ƙabila ko ƙasa. A watan Mayun 2000 wani saƙon imel ya fito daga Manila ta Filifin ɗauke da fayil mai kama da wasiƙar soyayya, wanda da zarar an buɗe shi sai ya aika kansa ga duk sunayen da suke cikin kundin adireshin mutum, kuma cikin 'yan kwanaki ya kama miliyoyin kwamfutoci, har da na manyan kamfanoni da ma'aikatun gwamnati. Dabarar ƙarama ce: sunan fayil ɗin ya ƙare da TXT, alamar rubutu zalla, sa'an nan vbs, alamar umarnin da na'ura take zartarwa, kuma da yake Windows takan ɓoye wutsiyar ƙarshe, sai mutane suka ga ta farko kawai. Abin lura ga mai nazarin ɗabi'a shi ne yadda dattawa masu muƙami suka ga saƙon ƙauna daga akawun ofis, amma babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa yaushe abin ya kai haka. A yau tarkon ya sauya zuwa sanarwar tallafi, da gurbin aiki, da takardar da ake cewa daga banki take, sai dai yatsar tana nan da saurinta.

Mai Son Banza ya fi waɗannan wayo, kuma wayon ne yake cin sa. Shi ba ya sayen manhaja, sai dai ya nemo wadda aka fasa makullinta, wato aka cire mata abin da yake tilasta biyan kuɗi, kuma irin wannan takan zo da takardar umarni wadda matakinta na farko shi ne a kashe anti-bairas kafin a girka. Yakan kashe da hannunsa, ya girka, ya sake kunnawa, ya kwanta yana jin ya cuci kamfanin Amurka, alhali wanda ya ɓata lokacinsa ya fasa makullin ba don Allah ya yi ba. Adalci ya sa a ambata cewa farashin lasisi da dala nauyi ne ga mai samu da naira ko sefa, amma akwai manhajoji na halal da ake bayarwa kyauta, irin su LibreOffice domin rubutu da lissafi da VLC domin kallo, waɗanda shi yake rainawa saboda abin da aka ba shi bai kai wanda ya ɗauka daɗi ba.

A garuruwa irin su Kano da Zariya da Maradi, inda ba kowane gida yake da na'urar buga takardu ba, babu rukunin da ya kai Mai Filash ɗin Yawo yawa. Filash ɗinsa yakan wayi gari a bizines santa wajen buga takarda, ya yi azahar a shagon masu tura fina-finai, ya yi la'asar a kwamfutar ofis, ya kwana a ta gida, kuma a kowane zango yana ɗauka yana saukewa. Alamar ciwonsa sananniya ce: yakan buɗe filash ya tarar kowace jakar fayil ta koma gunki mai 'yar kibiya a kusurwar ƙasa, nauyinta bai wuce kilobait ɗaya ko biyu ba, sai ya danna domin ya ga ko aikinsa yana ciki, kuma dannawar ce take sakin bairas ɗin a na'urar da take hannunsa. Galibi fayilolin suna nan, ɓoye su kawai aka yi, amma ɗalibin da zai miƙa kundin kammala karatunsa da safe ba ya cikin yanayin da za a yi masa wannan bayani. Kada a raina wannan hanya, domin Stuxnet, wanda aka gano a 2010 kuma ya lalata injinan tace yuraniyam a Natanz ta Iran, an tsara shi ne ya bi filash ya isa ga na'urorin da ba su haɗe da intanet.

Malam Sai-gobe shi ne wanda kwamfuta take roƙo ya bari ta sabunta kanta, wato ta ɗauko facin da kamfani ya yi wa ɓarakar da aka gano, shi kuma ya ɗage. Uzurinsa yana da ƙarfi, domin data tana da tsada, kuma ana iya ɗauke wuta sabuntawar tana tsakiya, sai dai goben tasa takan kai shekara uku. A watan Maris na 2017 Microsoft ya fitar da facin wata ɓaraka, kuma a watan Mayu WannaCry ya bi ta wannan ɓarakar ya kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, yana neman dala 300 ta Bitcoin, har asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Dattijon wannan rukuni yana nan riƙe da Windows 7, wadda aka daina yi wa faci tun Janairun 2020, yana cewa ita ce ba ta da rigima.

A ɗaya gefen akwai Mai Tsaro-har-da-ƙari, wanda ya girka anti-bairas uku a na'ura ɗaya, suka zama kamar kishiyoyi a madafi ɗaya, kowace tana zargin 'yar'uwarta tana kai ƙara, girki kuma ya tsaya. Biyu daga ciki na gwaji ne da wa'adinsu ya ƙare tuntuni, na ukun kuwa ya samo shi ne daga wata jar sanarwa da ta faɗo masa a intanet tana cewa an gano cututtuka a na'urarsa, wanda shi kansa shi ne cutar. Bai san cewa tun daga Windows 8 a 2012 akwai anti-bairas mai suna Defender a cikin na'urar ba, wanda zai wadatar da yawancin gidaje da an bar shi ya yi aikinsa. Ɗan'uwansa na jini shi ne wanda kalmar sirrinsa 123456 ce, ya kuma rubuta ta a takarda ya manna a gefen allo saboda gudun mantuwa.

Dukkansu kuwa hannun mutum ɗaya suke komawa, wato Gwanin Gida, yaron da aka yi ittifaƙi a dangi cewa ya san kwamfuta, wanda maganinsa ga kowace cuta, daga nauyin na'ura har zuwa rashin sauti, shi ne fomatin, ma'ana shafe komai a sake girkawa. Yakan zo da filash ɗinsa, wanda shi ma ɗan yawo ne, ya tambaya, "Baba, akwai abu mai muhimmanci a ciki?" a daidai lokacin da shafewar ta kai rabi. A nan ne ake gane Mai Ajiyar Kwafi na gaskiya, wanda yake kwafe fayilolinsa a wani faifai na dabam ya zare shi ya sa a durowa, domin manhajar garkuwa takan kulle har faifan da aka bari a jone. Irinsa kaɗan ne, kuma an fi samun mai kama da shi, wanda zai amsa wa yaron da cewa ya ci gaba babu komai, ai yana da kwafi, sai daga baya bincike ya nuna cewa kwafin yana cikin wata jaka mai suna "Ajiya" a kan faifan da aka shafe.